Kafin na'ura ta shiga aji, wa zai kama kurenta?

Ƙanwata malamar kwantaragi ce, tana riƙe da ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, a wani ƙauye na ƙasar Illela. A hutun ƙarshen Disamba ta zo gida Tawa. Wata rana bayan isha'i na iske ta a tsakar gida kan tabarma, ta lulluɓa da zane saboda ɗari, tana shirya takardun darasi, waɗanda malamai ke kira fish. Kaye a cinyarta, waya a hannunta. Ashe wata abokiyar aikinta ce ta saka mata ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya su ba da amsa, ita kuma take jarrabawa.

Darasin lissafin kuɗi take so. Ta rubuta wa manhajar da Hausa: yarinya ta sayi ƙosai na dala goma da kunu na dala biyar, ta miƙa jaka guda, nawa ne canjinta? Ba a yi ƙiftawar ido ba amsa ta fito, cikin ladabi da tsari. Manhajar ta ce kuɗin kayan dala 15 ne na Amurka, amma ba za ta iya faɗin canji ba sai an gaya mata nawa ne a cikin jakar yarinyar. Muka yi dariya har Inna ta leƙo daga ɗaki.

"Yaya, abin ga shina da baki, amma bai san kuɗɗi ba," in ji ta.

Sai ta yi wa manhajar bayani da Faransanci: dala ɗaya tamma biyar ce, jaka kuwa dubu guda. Nan take manhajar ta nemi gafara, ta sake lissafi, ta ce canjin 925 F ne, wanda haka yake, sannan ta ƙara da cewa a ƙirgen kasuwa dala 195 ke nan. Ƙanwata har ta fara kwafa cikin kaye, sai na ga ta ɗaga biro ta yi shiru. Ɗiyar mai sayar da kayan miya ce, tun tana ƙarama take ƙirga canji. Ta ce ɗari da tamanin da biyar dai. Kuren farko kowa zai gane shi, don abin dariya ne. Na biyun kuwa ya zo sanye da riga mai guga, a tsakiyar amsar da sauranta daidai ne, kuma da ya shiga fish da ya hau allo, yara fiye da saba'in su kwafe shi.

Tun daren nan nake juya zancen da ake ta yi a tarurruka da rediyo cewa lokaci ya yi da za a shigar da ƙirƙirarriyar basira makarantun firamare. Masu maganar kan cusa abu uku cikin buhu ɗaya. Akwai a ba yaro na'ura ta koyar da shi. Akwai a koya wa yaro mene ne wannan abu da yadda yake aiki. Akwai kuma malami ya yi amfani da shi wajen shirya aikinsa. Kowanne da tsadarsa da haɗarinsa, kuma wanda aka fi yi wa talla, wato na farkon, shi ne ya fi raunin hujja.

A watan Satumba na 2023 hukumar UNESCO ta fitar da jagora kan amfani da irin waɗannan manhajoji a harkar ilimi, ta ba da shawarar kada a bar yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da su shi kaɗai. Yaronmu yana shiga ajin farko, CI, da shekara shida ko bakwai, ya fita ajin ƙarshe, CM2, bayan shekara shida. Kusan duk firamaren ke nan tana ƙasa da wannan iyaka. Ƙasar Sin da ake yawan kafa hujja da ita, gaskiya ne birnin Bejin ya wajabta aƙalla awa takwas na darasin ƙirƙirarriyar basira a shekara tun daga Satumba 2025, har da ƴan firamare. Amma ma'aikatar ilimin ƙasar, a cikin ƙa'idojin da ta fitar a Mayu na shekarar, ta hana ƴan firamare su yi amfani da manhajojin da ke ƙirƙiro rubutu ba tare da babba ba. Koriya ta Kudu, inda wuta da intanet suka wadata, ta fito da littattafan karatu masu ƙirƙirarriyar basira a Maris 2025. Kafin ƙarshen Agusta majalisar dokokinta ta cire su daga matsayin littafin aji ta mayar da su kayan taimako, bayan ƙorafin iyaye da malamai. Tun kafin wannan zamani ma an gwada raba na'ura. Ƙasar Peru ta raba wa yara ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, amma binciken da aka wallafa a 2012 kan makarantun karkara 319 bai ga ƙari ba a lissafi ko a karatu.

Wanda ke son ja da ni zai kawo gwajin da Bankin Duniya ya yi a jihar Edo ta Najeriya a tsakiyar 2024, kuma yana da gaskiyarsa, don ɗaliban da suka yi mako shida suna aiki da manhaja bayan an tashi makaranta sun ci gaba sosai a Ingilishi. Sai dai a duba su wane ne. Ƴan sakandare ne da suka riga suka iya karatu da rubutu, a cikin birni, a ɗakin kwamfuta, da malami tsaye a kansu yana tsara abin da za su tambaya. Wanda ya iya karatu ne ke iya hira da na'ura. Mu kuwa ciwonmu yana can baya da wannan.

Ba sai na daɗe a kan halin azuzuwanmu ba, duk wanda ya bi hanyar Kaita ko Buza a watan Oktoba ya gani. Ajin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara, don haka karatu kan makara da makonni, ya kuma watse da ruwan farko. Hukumomi da kansu sun yi maganar azuzuwan zana kimanin 36,000 bayan gobarar makarantar unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilu 2021 da ta Maraɗi a Nuwamba na shekarar, waɗanda suka ci yara fiye da arba'in. Wutar lantarki kuwa, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita a ƙasar, mafi yawansu a birane, kuma ba mu manta da duhun da aka sha ba lokacin da Najeriya ta yanke layi a Agusta 2023. Ajin da babu ƙofar da za a kulle, ina za a kwana da tabulet hamsin? Na'urar da ta riga ta isa kusan kowace makaranta ɗaya ce, ita ce wayar da ke aljihun malami, wadda ya saya da kuɗinsa, yake kai ta wurin mai caji ranar kasuwa, yake hawa tudu neman rezo. In abin nan zai shiga firamare a ƙasar Adar, ta wannan ƙofa zai shiga. Ya ma riga ya shiga, ba da iznin kowa ba.

Me ya sa manhajar ƙanwata ta ce dala 195? Irin wannan manhaja ba ta ƙirga kamar yadda yaro ke ƙirga tsakuwa, ba ta kuma buɗe wani littafi ta duba. An ciyar da ita rubutu mai yawan da ba ya misaltuwa, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wacce. Duk amsar da ta bayar, jeranta kalmomin da suka fi kama da amsa take yi. Inda ta ga abu sau miliyan, da wuya ta kuskure. Inda ta gan shi sau ƙalilan, sai ta cike giɓin da abin da ya yi kama, kuma muryarta ba ta rawa. Ɗan Adam in bai tabbata ba yakan yi inda-inda, ka gane. Ita da gaskiya da kure duk murya ɗaya take faɗarsu.

Abin da aka ciyar da ita kuwa mafi yawansa Ingilishi ne, sai manyan harsunan Turai da Asiya. Hausar da ke intanet kaɗan ce, kuma galibinta labaran gidajen rediyo ne da rubutun Najeriya, inda kuɗi naira ne, aji kuma ba a kiransa CE2. Hatta rubutun ya ɗan bambanta: mu a Nijar ƴ muke rubutawa, su kuma 'y. Adaranci da yaro ke ji a bakin kakarsa, "shina tahiya", "biyat", "mi kac ce", kusan babu shi a rubuce. Zarma da Tamajak da Fulfulde sun fi mu ma shan wuya, kuma kada a manta yaran Abalak da Cintabaradan ƴan jihar Tawa ne su ma. Shi ya sa da ƙanwata ta nemi darasin lokutan shekara, manhajar ta jero mata huɗun nan na Turai har da faɗuwar ƙanƙara, babu damina, babu kaka, babu bazarar da ake jiran hadari. Ta kuma ba ta shawarar ta raba yara huɗu-huɗu, kowane rukuni da almakashi da takarda mai launi.

Duk da haka, a wajen harshe ne nake ganin babbar riba, in an bi ta hanya. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harsunan gida a Damagaram, dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba su gurbi, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 kuma ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Shekara hamsin ke nan abin da ke kayar da wannan tafiya bai sauya ba: yaro ya koyi haɗa baƙi da wasali, ya waiga, babu abin karantawa. A Mali wata cibiya mai suna RobotsMali ta yi amfani da waɗannan manhajoji ta fitar da littattafan yara fiye da ɗari da harshen Bambara cikin ɗan lokaci. Yadda suka yi ne abin lura: na'ura ta yi zubin farko da hotuna, mutanen da suka san harshen da al'adar suka zauna suka tace, suka gyara, suka zubar da abin da bai dace ba, sannan aka kai wa yara. Yaron ƙauye a ƙarshe takarda ya riƙe. Wannan aiki ne da malamai goma masu kunnen Hausa za su iya yi a ɗaki ɗaya a nan Tawa, amfaninsa ya kai ajin da ko rezo babu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan ya rataya ne a kan mutumin da zai iya cewa "nan ba daidai ba ne". A 2017 ma'aikatar ilimin firamare ta yi wa malaman kwantaragi kimanin dubu sittin jarrabawa kan abin da suke koyarwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. An yi ta cacar baki da ƙungiyoyin malamai kan yadda aka shirya ta, kuma ban kawo ta don cin fuskar kowa ba. Mutanen nan makarantar da ta gaza ce ta yaye su, aka ɗauke su da gaggawa saboda yara sun yi yawa, aka tura su daji da albashin da ba ya zuwa kan lokaci. Awon PASEC na ƙasashe masu amfani da Faransanci ya nuna sakamakon: a 2014 yaran ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, a 2019 suka kai wajen uku cikin goma. An motsa, amma da sauran tafiya.

Malamin da ya fi buƙatar taimakon na'ura shi ne wanda ya fi kasa gane kurenta. Gwani zai karɓi fish ɗin da ta rubuta, ya tsince tsakuwa, ya rage wa kansa awa biyu na dare. Mai rauni zai kwafe duka, har ya ƙara da tabbacin cewa ai kwamfuta ce ta faɗa. Wani tsohon mai ba malamai shawara da muka yi wannan hira da shi ya ce mini, Malam, fish mai kure ɗaya ai ta fi babu fish, ka san malamai nawa ke shiga aji hannu rabbana? Na kasa musa masa gaba ɗaya. Amma kuren littafi ɗaya ne, in an gano shi an gyara wa kowa. Na'ura kuwa kowane malami kurensa daban take ba shi, a ɓoye cikin wayarsa, babu sufeton da zai taɓa gani. Shi ya sa nake ganin bai kamata a sake malamai da manhajar kasuwa haka nan ba. A Saliyo an gwada wata mai suna TheTeacher.AI da ke aiki ta WhatsApp, an tsara ta musamman don malamai da yanayin azuzuwansu. Irin wannan, in an ɗaure ta da manhajar karatun Nijar da littattafan da ma'aikata ta amince da su, ta rage yawo. Ba ta daina kure ba, amma an taƙaita mata fili.

Horon fa? Mun san yadda aka saba. A tara mutum talatin a otal a Yamai kwana biyar, a ba su jaka da biro da kuɗin zama, su sauko jiha su horar da wasu kwana uku, waɗannan su horar da daraktoci kwana ɗaya, darakta ya taƙaita wa malamansa ƙarƙashin bedi kafin a buga ƙararrawa. Fura ce ake ta ƙara wa ruwa, wanda ke ƙarshen layi farau-farau yake sha. In aka bi wannan hanya da ƙirƙirarriyar basira, abin da zai isa ƙauye shi ne yadda ake sauke manhaja da yadda ake rubuta mata tambaya, abin da malamai ke koya wa junansu kyauta cikin minti goma.

Tsarin ƙwarewar malamai da UNESCO ta fitar a Satumba 2024 ya lissafa abu 15 a fanni biyar, kuma abin da ya burge ni shi ne sarrafa na'urar kanta fanni ɗaya ne kawai. Sauran sun shafi hukuncin ɗan Adam, da ɗa'a, da dabarun koyarwa, da ci gaban malamin kansa. In aka sauke wannan zuwa ƙasarmu, ni dai ga yadda nake hango shi. Muna da CAPED, zaman da malaman makarantun da ke kusa da juna ke yi don ƙara wa juna sani, wanda a wurare da yawa ya yi sanyi saboda rashin kuɗin mai. A farfaɗo da shi, kowane zama a kawo fish biyu ko uku da na'ura ta rubuta kan darasin makon gobe, a baje, a ce a nemo kuren. Wanda zai gano cewa 925 F ba dala 195 ba ce dole ya yi rabawa da biyar. Wanda zai gano an karkace ƙa'idar nahawu dole ya buɗe littafi. Malamin da zai ji kunyar a ce zo a koya maka lissafin CM1, ba zai ji kunyar kama na'ura da laifi ba, har da nishaɗi zai yi. Ta bayan gida an koya masa abin da zai koyar, ba a taɓa mutuncinsa ba. Makarantar horon malamai ta Kaocen da sashen ilimin koyarwa na Jami'ar Djibo Hamani, duka a nan garin, su ne ya dace su fara wannan da ɗalibansu, su kuma tara kurakuran da ake kamawa, don wannan tarin shi ne zai nuna inda na'urar ke tuntuɓe da Hausarmu da Faransancinmu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a faɗa wa kowane malami tun ranar farko: sunan yaro, da hotonsa, da makinsa, da labarin gidansu ba abin zubawa cikin manhaja ba ne. Abin da aka rubuta yana tafiya kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma malamin da ke ɗaukar hoton rajistar aji don na'ura ta fitar masa da matsakaicin maki bai san ya shiga hurumin wannan doka ba.

Koya wa yaro mene ne abin kuwa, wannan ba ya buƙatar waya ko ɗaya. A fitar da yaro guda a ce shi ne na'ura, bai taɓa ganin dabba ba. A nuna masa zanen jar akuyar Maraɗi sau biyar, kowane karo a ce "akuya". Sannan a nuna masa farar akuya mai dogayen ƙafafu irin ta arewa. In ya bi ƙa'idar wasan zai ce ba akuya ba ce, a nuna masa jan maraƙi ya ce akuya. Aji zai fashe da dariya, malami ya tambaya: laifin wa? Yaran CE2 za su gane da kansu cewa na'ura abin da aka nuna mata kaɗai ta sani. Kuma suna da buƙatar wannan sani tun yanzu. Ƙasar Adar ƙasar ƴan bida ce, gidaje da yawa da saƙon murya na WhatsApp suke rayuwa, daga Abijan ko Libiya ko Legas, kuma sau da yawa yaron makaranta ne ke danna wa uwarsa wayar. Yau ana iya kwaikwayon muryar mutum da na'ura, a haɗa hoton abin da bai faru ba. Yaron da ya san haka, in aka ji muryar Baba tana cewa a tura kuɗi wata sabuwar lamba, zai ce Inna, bari mu kira shi tukuna.

Saura tambayar da ba na jin ana yi a tarurruka: wa zai biya forfe? In aikin gwamnati ne malami ke yi da wayarsa, bai kamata megar ta fito daga kuɗin cefanensa ba. An sha yin yarjejeniya da kamfanonin waya kan abubuwan da ba su kai wannan ba.

Da aka koma hutu, ƙanwata ta yi darasin nata. Ta rubuta tambayar ƙosai da kunu a allo, ta rubuta 195 a ƙasa, ta ce wa yara wannan amsar wata na'ura ce mai ilimi da ke cikin wayarta, su duba ko sun yarda. Ta ce mini ƴan gaban aji, masu kaye mai tsabta, duk suka ce sun yarda. Wata yarinya ce a layin baya, mai tallan gyaɗa da yamma, wadda ba ta cika magana ba, ta yi ta motsa yatsu a ƙarƙashin hijabi, sannan ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, an ba ta dala goma ta banza. Mai ƙosai ta yi asara."